Ruwan Zogalena a Malaz

Shekara tara ke nan ina aikin direba da kula da gida a unguwar Malaz ta birnin Riyadh, a wani tsohon gida mai hawa biyu da doguwar katanga. Ɗakin direba yana manne a bakin ƙofa kamar an manta da shi ne aka dawo daga baya aka liƙa. Idan na kwanta na miƙe ƙafa, da babban yatsana nake buɗe ƙofa, da gwiwar hannu nake kashe fitila. Mai gidan, wanda kuma shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini a takardun zama da aiki, dattijon Balarabe ne da ya koma sabuwar unguwa wurin 'ya'yansa, ya bar gidan ga 'yan haya, ya bar ni ina dubawa.

'Yan hayar lokacin da nake ba da labari su biyu ne. A sama akwai wani Ba'amurke, injiniya, ƙato mai fara'a, wanda idan ya yi dariya sai tantabarun unguwa sun tashi. A ƙasa kuma wata Bafaranshiya ce, malamar makaranta, 'yar siririya mai furfura, wadda ta taɓa zama a Damagaram tana budurwa, ta kwaso Hausa irin ta can, ta riƙe abinta. Shi ina ce masa Yallaɓai, yana ce mini abokina. Ita ina ce mata Madam, tana ce mini Malam. Na ukunsu, wanda ba ya biyan haya, zogalena ne.

Zuwana gida na ƙarshe kafin rasuwar Inna, ita ta ƙulle mini 'ya'yan zogalen tsakar gidanmu a bakin tsumma, ta cusa a aljihun jakata, ta ce wai ta ji ƙasar Larabawa ba ganye, kada in dawo mata da ciwon ciki. Bayan ta rasu ƙanena ya sare uwar itacen ya gina shago a wurin. Ban yi masa faɗa ba, iyali gare shi. Amma daga ranar na san abin da ya rage na zogalen Inna a duniya shi ne wanda na shuka a nan, a wani ɗan zirin yashi tsakanin bayan gida da katanga, wurin da masu shimfiɗa tayil suka gaji suka bari.

Ranar da kafili ya gan shi ya tsaya ya daɗe yana kallo. An taɓa cin sa tara saboda ruwan wanke mota ya malala titi, tun daga nan ya toshe famfon tsakar gida, ya ɗauke tiyo ya tafi da shi.

Ya ce, "Ya shaikh, wannan ruwan da kake gani daga teku aka tace shi, aka turo shi ta cikin hamada. Na sha ne da wanka, ba na daji ba ne. Itacenka ya zauna, amma kada ya sha ruwana. Ko ɗigo. Ka rantse."

Na rantse. Na yi saurin rantsewa ma, don na san abin da shi bai sani ba.

Daidai saman zogalen akwai ɗan bututu da ke fitowa daga na'urar sanyaya ɗakin Yallaɓai, wadda mutanen nan ke kira mukayyif. Iskar Riyadh a bushe take, ba kamar ta Jidda ba, mukayyif ɗin wasu sai ya wuni bai zubo da abin da zai jiƙa harshen ƙadangare ba. Amma na Yallaɓai daban ne. Shi yakan sa sanyi har sai ɗaki ya koma wurin ajiye kifi, sannan ya saka rigar sanyi. Sanyin ya busar masa da maƙogwaro, sai ya sayo wata na'ura mai fesa tururi don ta jiƙa iskar, yana ɗura mata ruwan manyan gorori da ake kawo masa. Wannan ta jiƙa, waccan ta tsotse, ta zubo ta bututu. Dare da rana injuna biyu suna kokawa a sama, zogalena yana ƙasa yana shan zufarsu. Cikin shekara biyu ya leƙa katanga. Ranar Juma'a abokaina direbobi na unguwannin Ulaisha da Jaradiya sukan zo, mu yi kwaɗo da ƙuliƙulin da wani ya yo tsaraba, mu ci muna santi kamar mun koma gida.

Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne, su biyun nan, Madam da Yallaɓai, kowa ya yi imani shi ne mai tausayin duniya. Ni da nake jin kowa ina gyaɗa kai, na sha karatu.

Madam addininta ragewa ne. Mukayyif ɗinta sai zafi ya kai inda ƙarfe ke neman gafara take kunna shi, shi ma a ɗaki ɗaya. Da rana ta rufe tagogi da labule, gidan ya yi duhu kamar rumbu, ta zauna gaban fanka da jiƙaƙƙen tawul a wuya. Idan na kai ta kasuwa, da kwandonta take zuwa, wanda ina jin ya girme ni. Mai kanti ya miƙo leda, ta ture. Shi kuma Balarabe a wurinsa leda karamci ce, lemo ɗaya leda ɗaya, sai ya tsaya yana kallona kamar ni na zage shi. Ruwan da ta wanke latas da shi a baho take tarawa ta ba na'ana'arta. Da aka buɗe jirgin ƙasa na cikin gari, ta ce daga yau tasha kawai zan riƙa kai ta. Na ce, "Madam, so kike ki raba ni da aikina?" Ta ce, "So nake in raba ka da cunkoso, Malam. Ka gode mini."

Yallaɓai shi addininsa sayen wanda ya fi. Motarsa ta lantarki ce, girmanta ya kai ɗakina biyu da bayi, ba ta hayaƙi, ba ta ƙara, sai dai ka waiwaya ka gan ta a bayanka kamar mai bin sawu. Ƙwan fitilunsa masu tsimin wuta ne, kuma duk a kunne suke. Kwandunan shara huɗu gare shi, kowane da launinsa: na roba, na gwangwani, na takarda, na sauran. Wata uku yana rarrabawa ina kwasa, ban iya gaya masa cewa duk a babbar durom ɗaya ta bakin titi nake juyewa ba. Da ya gane bai yi fushi ba, ya binciko inda ake karɓar robobi a can wani gefen gari, ya riƙa tuƙa ƙatuwar motar nan yana kai musu buhu guda.

Rigimarsu ta farko a kan shanya ce. Madam ta ɗaura igiya a tsakar gida. Yallaɓai ya sauko da fara'arsa, ya ce yana da injin busar da kaya sabon yayi, ta riƙa amfani da shi kyauta, domin a unguwarsu a can ko shanya a waje ba a yarda a yi ba, tana ɓata kyan layi.

Madam ta ɗaga kai ta kalli rana, ta kalle shi. Ta juyo gare ni da Hausa, ta ce, "Malam, gaya wa maƙwabcina, a garin da riga ke bushewa kafin ka maƙala ta biyu, shi ya sayi injin yin zafi."

Na juya da Turancina na direba na ce, "Yallaɓai, ta ce ta gode ƙwarai."

Ya ce, "Abokina, na ga fuskarta. Ba haka ta ce ba."

Daga nan suka koma yi da kansu, kusan kullum da la'asar, ita tana kwashe shanya, shi yana sa wa mota caji. Ta ce masa mutanen ƙasarsu suna son su ceci duniya amma ba sa son su cire rigar sanyi. Ya ce mata mutanen ƙasarsu suna son kowa ya sha wahala daidai wa daida, kuma a kafa doka a kai. Ta ce abin kowa ai doka yake so. Ya ce ba doka yake so ba, injiniya yake so. Ya tambaye ta cukun da take saye a babban kanti, da ƙafa ya zo daga Faransa? Ta ce cuku ba ya cikin maganar. Ni dai idan ta kalle ni in ce, "Gaskiya ne, Madam." Idan ya kalle ni in ce, "Haka yake, Yallaɓai." A zuciyata kuwa ɓangare na ɗauka tuntuni. Ina bayan duk wanda bututunsa ke ɗiga.

Sai ga shi Madam ta ci nasara, ta hanyar da ba ta zata ba. Ta hau sama wata rana karɓar saƙo, ta ga injunan nan biyu suna kokawarsu, ta tsaya ta yi ta dariya har da riƙe ƙofa. Dariyar ta shige shi fiye da duk wa'azin shekara. Amma Ba'amurke idan ya tuba, kanti yake tafiya. Cikin mako aka zo aka liƙa masa wani ɗan abu mai kamar agogo a bango, mai haɗe da wayarsa. Idan ya fita, abin ya kashe sanyi da kansa, idan ya kusa gida ya kunna. Ya rage sanyin, maƙogwaro ya daina bushewa, na'urar tururi ta koma kwali. Ya kira ni ya nuna mini a waya yana murna, na ce masha Allah, na sauko na duba bututu.

Ɗigon ya ragu, ya koma kamar hawayen wanda ba a yi wa mutuwa ba. Sannan watan Yuli ya kama, Yallaɓai ya tafi hutun wata guda ƙasarsu, bututu ya bushe ƙaf.

Zogale ba rago ba ne, ya san fari tun a gida. Amma Yulin Riyadh, tsakanin katanga da tayil, wani abu ne daban. Kwana shida ganye ya fara rawaya. Kwana goma ya fara zuba, ina sharewa da safe kamar ina share gashin kaina. Na tsaya gaban famfon ɗakina da bokiti ya fi a ƙirga, in tuna na rantse, in ajiye. Ba wanda zai gan ni, amma dattijon nan da sunan Allah ya ɗaure ni.

To, ka ji inda wayon ɗan Adam yake kai shi. Na zauna na yi wa kaina fatawa: na rantse a kan ruwan kafili, ban rantse a kan wutar Yallaɓai ba. Mabuɗin sama yana hannuna a matsayina na mai kula da gida. Na hau, na ciro na'urar tururi daga kwali, na ɗura mata ruwan gorarsa, na murɗa agogon bangon nan har ƙarshe, na ja ƙofa. Gida babu kowa, kujeru da labule suna shan sanyin da sarki bai samu ba, don itace ɗaya ya sami abin da bai fi kofi uku ba a wuni. Na sauko na tsuguna ina kallon bututu. Da ɗigon farko ya faɗo, har cewa na yi alhamdu lillahi, ban ji kunya ba.

Kwana uku na yi ina wannan. A na huɗu da la'asar, ina tsugune a wurin, Madam tana kwashe shanya, wayata ta yi ƙara. Yallaɓai ne, can safiya ce a wurinsu.

"Abokina, wa ke cikin gidana?"

Na ce, "Ba kowa, Yallaɓai. Lafiya lau, ko ƙuda bai shiga ba."

"Wayata ta ce kwana uku ana sanyi kamar za a ajiye gawa."

Na ce, "Ai ka san tsohon gida, Yallaɓai. Akwai masu zama a ciki da ba a gani, kuma an ce suna son sanyi."

Bai yi dariya ba. Wannan ne karo na farko da na yi masa barkwanci tantabaru ba su tashi ba. Na ɗaga kai, sai ga Madam tsaye a kaina da zanin gado a kafaɗa. Ta kalli bututu, ta kalli jiƙaƙƙen yashi, ta ɗaga kai ta saurari injin da ke gurnani a sama. Ba ta tambaye ni komai ba, ta gama karanta ni.

Sai na faɗi gaskiya, waya a kunne, Madam a gaba. Na faɗi maganar Inna da tsumma, da shagon ƙanena, da rantsuwar da na yi, da shekara biyun da na yi ina gyaɗa wa kowa kai alhali cikin mu uku ni ne na fi kowa son a yi ɓarna. Na ba Yallaɓai haƙuri a kan shiga gidansa.

Ya ce, "Me ya sa ba ka gaya mini ba? Kashe shi yanzu. Idan na dawo zan sayo maka wata na'ura da ke tatso ruwa daga iska, da ƙaramin allon hasken rana, da bututu mai ɗiga da kansa a kan lokaci. Na ga irinta."

Madam ta ji ta cikin wayar. Ta ce, "Ka ji ko? Zai sayo inji na uku ya sasanta na farko da na biyu." Sannan ta dube ni da idon malaman makaranta. "Malam, ni ba shi nake jin haushi ba, shi haka aka haife shi. Kai fa? Na zauna a ƙasarku. Na ga mace ta yi wanka da wanki da ban ruwa da tulu ɗaya. Mahaifiyarka da mukayyif ta raini uwar wannan itacen?"

Na buɗe baki in ba ta amsa mai ban dariya, don ban taɓa rasa irinta ba. Ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne Inna, tsugune a kan ɗan dutsen nan na gindin zogale, da butarta ta ƙarfe mai lanƙwasasshen baki, tana alwala. Sau biyar a rana, shekara da shekaru. Ban taɓa ganin ta ɗauki ruwa ta ce za ta ba itace ba. A wurin kawai take alwala, mu ma a wurin ta koya mana, wanda ya je ya yi a kan dandamali ya sha rankwashi. Ni kuwa tun da na zo ƙasar nan nake alwala a tsaye gaban famfo, ruwa yana gudu ina wanke hannu, yana gudu ina shafar kai, yana gudu ina tunanin inda zan kai Madam gobe, duk yana bin rariya. Abin da nake zubarwa a alwala ɗaya ya fi abin da injuna biyu ke haifa a wuni.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Mu a gidanmu ba mu san ana ceton duniya ba. Ba mu zubar da abu ne saboda wanda ya ɗebo shi daga rijiya yana zaune a tsakar gidan yana kallonka. A nan kuwa ban san wanda ya ɗebo ba, ban ga rijiyar ba, sai na saki hannu. Madam ta koyi ragewa a makaranta da dokar ƙasarsu, Yallaɓai ya koyi gyarawa da inji, ni da aka haifa cikin abin na ajiye shi a filin jirgi kamar kayan da ya yi nauyi. Har butar ma ban zo da ita ba.

Na hau na kashe komai, na mayar da na'ura kwalinta. Washegari na je kasuwar Batha na sayi buta ta roba, na samo bulo guda na ajiye a gindin zogale. Amma ban fara ba sai da na kira kafili, don ba na son in sake yi wa kaina fatawa. Ya zo bayan kwana biyu, ya tsaya da carbinsa, na tsuguna na yi alwalar la'asar a gabansa, ruwan yana sauka a yashi.

Na ce, "Ya ammi, ka ce kada ya sha ruwanka. Wannan naka ne ko nawa?"

Ya kalli butar, ya kalli itacen da ya koma kamar tsintsiya. Ya ce, "Wannan na riga na ba ka don salla. Abin da ya sauka daga hannunka ba nawa ba ne." Ya juya zai tafi, ya dawo. "Mahaifina ma haka yake yi a gindin dabino. Halas, ba ni butar, lokaci ya yi."

Reshen sama bai dawo ba, sai da na sare shi, tsawon da aka yi shekara biyu ana tarawa ya tafi. Madam ta fara raba ruwan latas ɗinta biyu, rabi na'ana'a, rabi zogale, tana yi tana mita wai itacen ya cika ci. Da Yallaɓai ya dawo ya karɓi mabuɗinsa daga hannuna, kuma bai mayar mini ba har ya bar gidan. Ban ga laifinsa ba. Na'urar tatsar iska ma na roƙe shi ya bari, ya bari da ƙyar, amma sai da ya sayo wani ɗan tsinke mai auna laimar ƙasa ya soka a gindin, wai wayarsa ta riƙa gaya masa halin da ake ciki.

A mako na uku, ina tsugune a kan bulo da azahar, na ga tsiro a jikin kututturen, ƙasa da inda na sare, ƙanana kamar kunnen ɓera. Ban kira kowa ba. Na ƙarasa wanke ƙafa, na juye ɗan abin da ya rage a butar a gindinsa, na shiga na yi salla.